Wa ya ce hajji?

Abba Banaras: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Jiya Laraba, 26 ga Fabrairun 2025, aka rufe hajjin 'yan Hindu ɗin nan da suke kira Kumbh Mela a Prayagraj bayan kwana 45, kuma duk faɗin Indiya ba wanda ya kai ni murna. Mako biyu da suka wuce kawuna ya sauka Delhi ganin likita. Na yanki tikitin jirgin ƙasa daga Banaras, da lambar kujera da komai. Ina shiga na tarar da wata tsohuwa a kan kujerata, ta rungume jarkar ruwan kogin Ganga kamar jariri, jikokinta uku a ƙasa. Yaya zan yi da sa'ar kakata? A tsaye na kwana bakin ƙofar banɗaki har Delhi. Yanzu kuma gwamnatin jihar Uttar Pradesh ta fito ta ce mutum sama da miliyan 660 ne suka yi wanka. Ƙarya ce tsagwaronta! Duk Indiya mutum biliyan 1.4 ne da ɗoriya. Wato kusan rabin ƙasar sun taru a bakin kogi ɗaya? Wa suke so su raina wa hankali?

Ustaz Abu Hafsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba kawu lafiya. Amma ƙanena, kafin a je ko'ina, gyara bakinka. Hajji ɗaya ne a duniya, shi ne na Ɗakin Allah, rukuni na biyar. Ba a ɗaukar sunan rukunin Musulunci a liƙa wa wankan kogi. Ka goge.

Abba Banaras: Allah ya gafarta Malam, don a gane ne kawai na faɗa haka. Ni maganar lissafi nake yi.

Ustaz Abu Hafsa: Da "don a gane" ake fara ɓata. Yau hajjin Hindu, gobe ka ce mana limamin Hindu.

Dokta Zazzau: Ustaz, a yi hattara. Kai da ka fi ni Larabci ka san asalin kalmar a lugga nufi ne, mutum ya nufi wani wuri mai girma a wurinsa. Shari'a ce ta zo ta keɓe ta. Yaron bai yi saɓo ba, ya yi amfani da kalmar da ta fi kusa da hannunsa ne. Inda zan ba ka gaskiya shi ne a kunnen Bahaushe kalmar ta riga ta tsuke, da ka ce hajji sai harami da Arfa su faɗo masa. Su masu abin suna da tasu kalmar, tirtha yatra. Yatra tafiya ce, tirtha kuwa mashigi, inda ake ƙetare ruwa da ƙafa. A wurinsu wuri ne da mutum yake tsallakawa daga wannan duniya zuwa tsira. Ni da za a bi tawa, a ce ziyarar ibada, kowa ya huta.

Ustaz Abu Hafsa: Ibada? Dokta, ka fitar da mu daga rami ka jefa mu rijiya.

Baye Ɗan Kaulaha: Ni kuma ziyarar ce ban yarda da ita ba. Ziyara ita ce ta Madina, ita ce wadda muke zuwa Kaulaha lokacin Mauludi. Kar a haɗa mu da masu shafa toka.

Ustaz Abu Hafsa: To ai ga shi nan. Da ma wasu ziyarce-ziyarcen, in ka duba da kyau, tazarar ba ta da yawa.

Baye Ɗan Kaulaha: Me kake nufi? Fito fili ka faɗa, Ustaz. Kar ka yi mana hannunka-mai-sanda.

Ustaz Abu Hafsa: Ban ambaci sunan kowa ba. Wanda ya tsargu shi ya sani.

Sarkin Indiya na Fagge: Kai jama'a, ku tambayi masana mana! Shekarata talatin ina kallon finafinan Indiya. Kumbh Mela ai nan ne 'yan biyu suke ɓacewa suna yara, ɗaya ya tashi ɗan sanda ɗaya ɓarawo, sai a ƙarshe a gane su da tambarin hannu. Kuma duk shekara ake yi, lokacin da suke watsa wa juna kala.

Abba Banaras: Yaya Sarki, wancan Holi ne, shi sai watan Maris. Kumbh kuwa garuruwa huɗu ne ke karɓarsa bi da bi: Prayagraj, Haridwar, Ujjain da Nashik, kowanne bayan kimanin shekara 12, kuma da tafiyar rana da tauraron Mushtari suke tsayar da lokacin. Kumbh ɗin ma tulu ne a harshensu. A labarinsu wai alloli da aljanu ne suka kaɗa teku kamar yadda ake kaɗa nono, tulun ruwan dawwama ya fito, aka yi ta kokawa a kansa har ɗigo ya zuba a wuraren nan huɗu. Na Prayagraj ya fi girma saboda a nan Ganga da Yamuna suka haɗu, da kogi na uku, Saraswati, wanda ba a ganinsa, su dai sun yarda yana ƙarƙashin ƙasa. Suna ganin wanka a mahaɗar a waɗannan ranaku yana wanke zunubi.

Ustaz Abu Hafsa: Subhanallah. Karatun haɗa magani aka tura ka ko wannan? Ka ga yadda yake zubo shi kamar hadda.

Abba Banaras: Malam, shekarata uku a garin da ake ƙona gawa a bakin kogi dare da rana. Ko kurma ne ni ai na ji.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ni dai na ɗauko alƙalami. In ka raba miliyan 660 gida 45, kowace rana mutum miliyan 14 da rabi ke nan da 'yan kai. Hajjin 2024 gaba ɗaya bai kai miliyan 2 ba, miliyan 1.8 ne, kuma mun ga yadda Mina take cika. Amma ina jin matsalar ba ƙarya ba ce kai tsaye, abin da aka ƙirga ne. Kyamarori suka sa suna ƙiyasta masu shiga ruwa. Akwai waɗanda suke kafa tanti su zauna wata guda cur, kullum suna wanka. In mutum ɗaya ya shiga ruwa kwana talatin, sau nawa ya shiga lissafi? Shiga ruwa daban, kawuna daban. Abba, a nan ya kamata ka tsaya.

Baye Ɗan Kaulaha: Ustaz, har yanzu ina jiran amsa. Wace ziyara ce tazararta ba yawa?

Hajiya Maman Iman: Ku yi wa Allah ku bari. Ni na zauna Delhi wata huɗu lokacin jinyar Alhaji. Matar da take mana shara a masauki tana da 'yar kwalbar ruwan Ganga a ɗakinta, ba ta bari kowa ya taɓa, sai an yi haihuwa ko wani na gargarar mutuwa a ɗiga masa a baki. Na ce ikon Allah, kamar yadda muke adana zamzam. Mutuniyar kirki ce wallahi, ranar da aka yi wa Alhaji aiki tare muka kwana a asibiti.

Ustaz Abu Hafsa: Hajiya, da girmanki. Zamzam? Ruwan da hukumar kula da gurɓatar muhalli ta ƙasarsu da kanta ta kai rahoto a watan nan cewa ƙwayoyin cutar bayan gida sun wuce ƙima a wuraren wankan? Shi za ki jera da zamzam?

Hajiya Maman Iman: Ban jera ba, Malam. Adanawa na ce. Ku maza ba kwa karanta magana har ƙarshe.

Dokta Zazzau: Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Kamantawa ba daidaitawa ba ce. In ɗan ƙauye ya ce jirgin sama kamar shirwa, bai ce yana cin 'yan tsaki ba.

Ustaz Abu Hafsa: 'Yan boko da iya juya magana.

Dokta Zazzau: Kai ma digirinka biyu, Ustaz, a aji ɗaya muka zauna.

Mai Shayi Sabon Gari: Ni abin da ya fi ƙona min rai ba ku ma taɓo shi ba. Garin nan Allahabad sunansa. A 2018 gwamnatin jihar ƙarƙashin Yogi Adityanath ta goge ta mayar Prayagraj, don kawai ba sa son jin sunan da Musulmi suka sa. Sarki Akbar, Musulmi, shi ne ya gina ganuwa a bakin mahaɗar tun 1583. Duk wanda ya rubuta Pra-me-ma-ne a zauren nan ya taya su.

Abba Banaras: Siyasa tana ciki, ba musu, kuma ita ce ma ta sa nake zargin alƙaluman. Firaminista Modi da kansa ya je ya yi wanka ranar 5 ga Fabrairu da kyamarori a kansa, kowa na son a ce a zamaninsa aka yi taron da ba a taɓa yi ba. Amma sunan Prayag ya girmi Akbar nesa ba kusa ba, yana cikin tsofaffin littattafansu.

Mai Shayi Sabon Gari: Ka zama lauyansu ke nan. Anya tsohuwar nan ba ta ɗan sammaka daga jarkar ba?

Abba Banaras: Ni da na zo zaginsu, ni ne kuma lauya?

Sarkin Indiya na Fagge: Ni dai tsirarun nan na Hindu masu gudun duniya, masu toka da dogon gashi, nake son gani ido da ido. An ce su ake fara bari su shiga ruwa.

Abba Banaras: Haka ne, a manyan ranaku ƙungiyoyinsu ne ke fara sauka bisa jeri, da asuba, cikin sanyin Janairu. Sai sun gama sauran jama'a su samu wurin.

Mai Shayi Sabon Gari: Shi ya sa suka tattake juna. Alhaki ne.

Hajiya Maman Iman: Kai, ji tsoron Allah! Ran 29 ga Janairu mutum 30 hukuma ta ce sun mutu a turmutsitsin bakin kogin, ran 15 ga Fabrairu wasu 18 a tashar jirgin ƙasa ta New Delhi, yawancinsu mata da yara. Rai ne fa. Ka manta Mina a 2015? Akwai gidan da na sani har yau ba su ga gawar mahaifiyarsu ba. Alhakin wa ya kama su?

Ustaz Abu Hafsa: Mai Shayi ya yi kuskure, ba a murna da mutuwar kowa. Amma Hajiya kin sake kamantawa.

Hajiya Maman Iman: To na sake. A kai ni ƙara.

Abu Zainab: Tunda ana maganar taro mafi girma, me ya sa ba wanda ya ambaci Arba'in a Karbala? Miliyoyi ne suke takawa a ƙafa daga Najaf, kuma duk shekara, ba sai bayan shekara 12 ba.

Ustaz Abu Hafsa: Ga na uku ya iso.

Baye Ɗan Kaulaha: Na uku? Su wa da wa ne biyun farko? Mai Zaure, kana gani fa!

Ɗan Damagaram: Jama'a, ba wanda zai duba lissafina?

Mai Zaure: Ya isa haka. Azumi ya kunno kai, kar mu shige shi da gaba. Na karanta komai daga sama har ƙasa, ga abin da zaure ya tsaya a kai. Kalmar hajji ba ta dace ba, kamar yadda Ustaz ya yi bayani mai gamsarwa da hujjoji, kuma kowa ya amince. Dokta ya kawo ra'ayin 'yan jami'a, mun ji, Allah ya saka. Hajiya uwa ce, ba za mu ce komai ba, amma a riƙa lura da misalai. Baye ya yi saurin fushi a kan abin da ba a faɗa ba. Abu Zainab ya karanta dokar zaure ta huɗu. Maganar yawan mutane kuwa an tabbatar ƙarya ce. Daga yanzu a zauren nan "bikin wankan Indiya" za a riƙa cewa. Na rufe.

Dokta Zazzau: Wace hujja? Wa ya amince? Ranka ya daɗe, ko don Ustaz surukinka ne?

Ɗan Damagaram: Ba a tabbatar da komai ba. Ni cewa na yi shiga ruwa aka ƙirga.

Baye Ɗan Kaulaha: *ya fita daga zauren*

Hajiya Maman Iman: Abba, ka rabu da su. Ya jikin kawun naka?

Abba Banaras: Da sauƙi Hajiya, an sallame shi, Asabar zai taso. Ni ma ranar zan koma Banaras. Na sake yankar tikiti, kujera mai lamba 41.