Neman kalma: dutsen da Turawa ke kira sedimentari

Malamar Jogurafi: Salamu alaikum. Ranar Litinin zan koyar da 'yan aji ɗaya, kuma da Hausa nake so in fara. Me zan kira dutsen da yashi ko laka suka kwanta a ƙasan ruwa, suka danne juna har suka ƙame? Sai kuma yadda ake gane wace shimfiɗa ta riga wata.

Ɗan Sakkwato: Dutse mai hawa-hawa, Malama. Ki ba su misalin dutsen Kalambaina da ake siminti da shi, ana samun ɓawon halittun teku a ciki.

Ɗalibin Kimiyyar Ƙasa: Hawa-hawa siffa ce kawai. Aman wutar dutse ma yakan kwanta hawa-hawa, ga shi ba danginsu ɗaya ba. Sunan ya nuna asali. Dutsen kwantai fa?

Malamar Jogurafi: Yara za su ɗauka kayan da suka ƙi sayuwa nake nufi.

Baba Mai Fassara: Gwiɓa! Abin da ke kwantawa a gindin randa sunansa ke nan tun kaka da kakanni. Dutsen gwiɓa. Kun bar Hausar iyayenku kuna ta lalube.

Na Maraɗi: Baba, da girmanka, ni ban taɓa jin ta ba. Larabawa rusubi suke cewa, mu ara mana.

Baba Mai Fassara: Da tuwo a ɗaka za mu tafi bara? Rashin jinka bai kashe kalma ba, yaro.

Ɗan Sakkwato: Baba, ba kowace kalmar Kano ce Hausar kowa ba.

Baba Mai Fassara: Wa ya ce maka ta Kano ce?

Malamar Jogurafi: Don Allah, tambayata ta biyu.

Ɗalibin Kimiyyar Ƙasa: Kada ki ce shekaru, don ba a ƙirga komai ba. Ki ce wa da ƙane: ta ƙasa ta girmi ta sama, kamar layin tubali a gini, muddin motsin ƙasa bai kife su ba. Nikolas Siteno ɗan Denmak ya rubuta ƙa'idar a 1669. Abin da ya keta shimfiɗu kuma, tsaga ko narkakken dutse, ƙanensu ne duka.

Malamar Jogurafi: Wa da ƙane na karɓa, na gode. Zan rubuta dutsen gwiɓa a allo, in kawo kwalba da ruwan laka su ga yadda take kwantawa. In ba su kama ba, na koma hawa-hawa.

Na Maraɗi: Ni dai ban gamsu ba. Ki gaya mana yadda ta kaya.