Na'urar busar da tumatir ta ƙi ɗaukar zafi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyar a sashen injiniyan noma, aikin kammala karatuna kuwa na'urar busar da tumatir ce mai aiki da hasken rana. A nan Jos nake gwaji, da tumatirin kasuwar Farin Gada.

Ina so zafin ciki ya kai digiri 55 zuwa 60, amma da ƙyar yake wuce 40, ga hadari kullum. Tumatir kusan duk ruwa ne, sai ya yi fumfuna kafin ya bushe. Na shafa baƙin fenti, ba canji.

Shin faifan tara zafin ne ya yi ƙanƙanta, ko bututun fitar da iska ke zuƙe zafin? Lokacin kare aikin ya matso, don Allah a taimaka min.