Zuwa gonakin inabi na Stellenbosch da Paarl da ƙananan yara

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum. Baƙi na zuwa mana Cape Town, Afirka ta Kudu, a watan Fabrairu da yara uku, babbar shekararta 6, ƙaramin 2. Suna son ganin gonakin inabi, inda ake yin giya, amma mu ba mu shan giya. Waɗanda suka saba zuwa da yara, wace gona ta dace, kuma me za mu kiyaye?

Baban Yara, Bellville: Wa alaikumus salam Hajiya. Fabrairu tsakiyar girbi ne kuma tsakiyar zafi, Paarl kan doshi digiri 40 da rana. Ku bar gida ƙarfe 8, ku gama yawon waje kafin 12. Stellenbosch kusan kilomita 50 ne daga Cape Town, Paarl kusan 60 ta hanyar N1. Gona ɗaya ta isa, biyu iyaka. Wanda ya jera uku, a ta ukun kuka kawai zai sha.

Ku zaɓi inda akwai dabbobi. A Fairview da ke Paarl akwai hasumiyar da awaki ke hawa, ga cuku iri-iri. A Spier akwai wurin nuna mikiya da shaho da mujiya. Vergenoegd kuwa agwagi ne ake sakowa garke guda su shiga gona su cinye dodon koɗi, sai ku kira ku ji lokacin fitowarsu kafin ku kama hanya. Babylonstoren lambu ne babba na itatuwan marmari da ganyaye, ana biyan kuɗin shiga.

Yaya Nas: Ƙanwata, ni inabin kansa ya fi damuna. Ƙwayarsa daidai take da faɗin maƙogwaron yaro, ga santsi, in ta maƙale toshe numfashi take yi gaba ɗaya, yaron ko kuka ba zai iya ba. Duk wanda bai kai shekara 5 ba, a tsaga masa ita a tsaye gida huɗu, kada a yanka ta a kwance, kuma ya ci a zaune. Ku tafi da 'yar wuƙa saboda wannan. Kada yara su tsinka daga jikin kurangar su kai baki, ana yi mata feshin farar wuta da maganin fumfuna.

Na biyu ruwa. Kusan kowace gona na da dam ɗin ban ruwa ko kududdufin ado, da yawa babu shinge. Kowane yaro a ɗora alhakin kula da shi a wuyan babba guda, a faɗa da baki wa ke riƙe da wa. In an ce kowa na kallo, to babu mai kallo. Hula, man kare fata daga rana a sake shafawa bayan awa 2, da gorar ruwa ga kowane yaro.

Ɗalibin Noma, Stellenbosch: Na goyi bayan Yaya Nas, in ƙara abu ɗaya da baƙi ba su cika sani ba. Lokacin girbi inabin da aka matse yana tsimuwa a manyan tankuna, yana fitar da iskar kabon. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya, daidai tsayin yaro, kuma ba ta da launi. Kada ku shiga ɗakin tankunan da yara, ko an ce ana zagayawa da baƙi ciki. A waje ma tarakta na kai-komo da lodin inabi, direban ba ya hango ɗan shekara 2. Takalmi rufaffe za su sa, don akwai kasa da gamsheƙa a ciyawa. Kofin lemo a rufe shi, zaƙi na jawo zuma da rina.

Malam, Athlone: Hajiya, akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya, don haka ku nemi wurin shimfiɗa a kan ciyawa, nesa da ɗakin ɗanɗanon giya. Gonaki da yawa ba su yarda a shigo da abincin waje ba, kwandon abincinsu ake yin oda tun kafin ranar. Ku tambayi abu biyu a waya: ko naman halal ne, da ko an zuba giya a miya ko a kayan zaƙi. In babu tabbas, burodi da 'ya'yan itace sun wadatar, ku ci na sosai a gari. Lemon inabi da giya kan zo a kwalba iri ɗaya da kofi iri ɗaya, sai a karanta takardar jikin kwalbar. Wadda aka rubuta an cire mata barasa tana iya ɗauke da har kashi 0.5 cikin 100. Akwai masallaci a cikin garin Stellenbosch don azahar. Kabarin Shehu Yusuf, malamin Musulunci ɗan Indonesiya wanda aka kawo yankin Cape a 1694, yana Macassar kusa da Vergenoegd.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka da alheri. Keken yaro fa, da mota?

Baban Yara, Bellville: Keke mai ƙananan tayoyi nutsewa yake a tsakuwa, zanin goyo ya fi shi. Doka a nan ta wajabta kujerar mota ga yaron da bai kai shekara 3 ba, ku nemi kamfanin haya ya haɗa muku ita tun wajen yin oda. Ku juyo kafin la'asar, domin da yamma hanyoyin nan sirara ne kuma wasu direbobin daga ɗanɗano suke fitowa.