Kwantiti safiyo na ɓangaren inji: wane suna za mu ba shi da Hausa?

1/ Jama'a, akwai wani ma'aikaci a manyan gine-gine da har yau ba mu raɗa masa sunan Hausa ba. A wurin aiki "kiyu-es" ake ce masa, wasu su ce kwantiti safiyo. Wanda nake nufi shi ne mai riƙe da ɓangaren inji. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, duk suna yaye kwantiti safiyo, ƙungiyarsu ta ƙasa kuma tun 1969 take. A ce yaro ya gama wannan karatu amma ya kasa faɗa wa mahaifiyarsa sunan sana'arsa da harshenta, abin yana damuna.

2/ Kafin suna, ga aikin. Babban asibiti ko otal ba bulo da siminti kaɗai ba ne. A cikin bango da saman silin akwai bututun ruwan sha da na ƙazanta, hanyoyin iskar sanyi, bututun kashe gobara, injinan tura ruwa, da lif. Injiniya ya zana, shi kuma wannan bawan Allah ya zauna da zanen ya auna: bututu mita nawa, faɗinsa nawa, na ƙarfe ne ko na roba, mahaɗa guda nawa. Ya jera su a kundi guda, wanda kowane ɗan kwangila zai sa farashinsa a kai. Aiki ya kankama, shi ne zai riƙa zagayawa ya ga abin da aka kafa a zahiri kafin a saki kuɗi. In an canza zane, ya lissafa ƙari ko ragi. A ƙarshe shi ke rufe lissafi.

Nauyinsa ya ƙaru tun 2023 da darajar naira ta faɗi, domin yawancin manyan injinan nan daga waje ake shigo da su da dala. Farashin da aka rubuta bara ba ya sayen injin bana.

3/ Wani ɗan'uwa ya kawo "safiyon gini". Malam, ka yi haƙuri, ban karɓa ba. Bahaushe ya ji safiyo, fili yake gani da kan iyaka da turaku. Haka "makaniken lissafi": ka faɗi makanike a Kaduna, hankalin mutum gareji zai tafi, ko Panteka. "Akawun gini" ma bai kai ba, akawu ba ya karanta zanen injiniya.

4/ Shawarata: maƙiyasci. Daga ƙiyasta, kamar yadda rubuta ta haifi marubuci, nazarta ta haifi manazarci. Mace maƙiyasciya, jam'i maƙiyasta. Na ɓangaren inji kuwa, maƙiyascin kayan inji. Na ce kayan inji ne da gangan, ba injuna ba, don bututu da famfo su samu shiga.

5/ Wata 'yar'uwa da ke cikin sana'ar ta ce ƙiyasi kamar cinta ne, su kuwa awo suke yi. Hajiya, maganarki tana da ƙarfi, ita ce ma ta fi tsaya mini a rai. Sai dai cinta daban, ƙiyasi daban. Malamanmu na fiƙihu in sun yi ƙiyasi, sabuwar mas'ala suke aunawa da wadda aka san hukuncinta. Abin da kike yi ke nan ranar da kika sa kuɗin aikin da ba a fara ba, bisa awo da farashin kasuwa da ayyukan baya.

6/ Abin da ya rage mini shi ne kundin nan na awo da farashi. Na rubuta "kundin awo", amma sunan ya bar farashi a hanya. Masu zuwa wurin aiki kullum, da wane suna kuke kiransa in kuna magana da leburori da masu haɗa famfo?