Gishiri ya isa maganin naitirait a kududdufin kifin ado na koi?

Malam Habu: Jama'a, a daina ɓarnar ruwa wajen canza shi. In gwaji ya nuna naitirait, gubar nan da ke taruwa a ruwa daga ƙazantar kifi, a zuba gishiri kilo 1 a kowace lita 1,000, magana ta ƙare.

Hajiya Bilki: Malam, ba ta ƙare ba. Gishiri ba ya rage naitirait ko ƙwayar zarra. Ka zuba, gobe ka gwada, kalar kwalbar gwajin tana nan yadda ka bar ta.

Injiniya Auwal: Kowannenku ya riƙe ƙafa ɗaya. Naitirait yana shiga jinin kifi ta jan naman nan da yake numfashi da shi, ta ƙofar da kulorayid, sinadarin da ke cikin gishiri, ke bi. In kulorayid ya yi yawa sai ya tare ƙofar. In babu, jinin ya koma ruwan ƙasa, ya kasa ɗaukar iskar oksijin. Shi ya sa za ka ga koi ya taru a bakin famfon da ruwa ke zubowa yana haki, alhali injin iska na aiki. Masu kiwon tarwada a Amurka suna bin kashi 10 na kulorayid ga kashi 1 na naitirait. Gishiri kuwa kusan kashi 60 cikin 100 kulorayid ne, kenan giram 17 a lita 1,000 ya tare miligiram 1 na naitirait a lita. Kilon Malam ya wuce buƙata, amma ba ya cutar da koi.

Malam Habu: To ai ka gaskata ni, Injiniya.

Injiniya Auwal: A kan ceton kifi yau, i. Amma me ya kawo naitirait? Filta ce ta gaza. Ƙwayoyin bakteriya na cikin filta da ke mai da amoniya, gubar da kifi ke fitarwa, naitirait sun riga waɗanda ke mai da shi naitiret, mai sauƙin dafi, kafuwa. Sabon kududdufi yana cin mako 4 zuwa 6 kafin su daidaita.

Hajiya Bilki: A tsohon kududdufi kuma abu biyu za a tambaya. An wanke soson filta da ruwan famfo mai kulorin? An kashe ƙwayoyin kenan. A ɗebi ruwan kududdufin a bokiti, a matse soson a ciki kawai. Sannan wuta. Famfo ya tsaya awanni a zafin Afrilu, filta ta rasa iska, ƙwayoyin su fara mutuwa. Wanda ba shi da sola ko inbata ga famfon, gishiri ba zai fisshe shi ba. In gwaji ya kai miligiram 0.5 a lita, a tsai da abinci kwana 2, a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kullum, a ƙara iska.

Malam Habu: Canza ruwa ai yana kwashe gishirin, Hajiya.

Hajiya Bilki: Sai ka mayar da na abin da ka zubar kaɗai. Wanda rana ta ƙafar, kada ka ƙara masa komai, gishirinsa na nan ciki.

Injiniya Auwal: Mai ziyolayit, tsakuwar nan mai tsotse amoniya, a filta ya cire shi kafin gishiri, don zai saki amoniyar da ya riƙe. In pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya faɗi, bekin soda kaɗan-kaɗan. Ban da kanwa, tana harba pH sama, amoniya ta ƙara dafi.

Malam Habu: Na karɓi batun filta. Amma canza ruwa kullum ga mai sayen ruwan tanka, a sake lissafi.