Ina shan maganin tayirod kullum amma TSH ya ƙi sauka, ko gero ne?

Uwar Biyu, Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san ciwon nan na tayirod, wato ɗan naman nan da ke gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki, ya taimaka min da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Bayan na yaye 'yan biyuna na fara jin wata irin kasala, ina kan keke da rana tsaka barci ya kwashe ni. Gashina yana zuba, fatata ta bushe kamar ana hunturu alhali damina ake, bayan gida sai da ƙyar, kowa na neman fanka ni ina neman mayafi. Na yi ƙiba kuma ba wani cin kirki nake ba. An sha ba ni maganin maleriya da taifot, shiru. Sai wata likita ta lura wuyana ya ɗan tasa, ta tura ni gwajin jini. TSH, wato gwajin da ke hawa in tayirod ya yi sanyin aiki, ya fito 14, wani gwajin da ake kira anti-TPO ma ya hau sosai. Ta ce sunan ciwon Hashimoto, wai garkuwar jikina ce ke yaƙar tayirod ɗina.

An ɗora ni a kan maganin tayiroksin mai lamba 50, daga baya aka mai da shi 75. Wallahi ba na tsallakewa. Da safe in na sallami yara makaranta sai in zauna da kokona da awara, in haɗa shi da maganin ƙarin jinin da aka ba ni in kora gaba ɗaya, don kar in manta. Amma gwajin makon jiya TSH 9 ya nuna, kuma kasalar tana nan.

Surukata ta ce gero ne, in bar fura da koko da kabeji. Wata kuma a WhatsApp tana sayar da garin ciyawar teku, ta ce sinadarin aidin da tayirod ke aiki da shi ne ya yi min ƙaranci, in sha nata in yar da na asibiti. Kuɗinsa ba kaɗan ba. Maigida shi ma tambaya yake yaushe za a gama shan maganin nan. Ya zan yi?

Ɗan Famasi, Kawo:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ai amsar tana cikin bayaninki. Ba na jin maganin ne ya gaza, hanya ce ba a ba shi ba.

Tayiroksin, wanda a jikin kwali za ki ga an rubuta levothyroxine, magani ne mai tsirfa. Hanji ba ya tsotse shi da kyau sai ciki babu komai. Ke kuma kin haɗa masa abu uku lokaci guda: abinci, awara, da maganin ƙarin jini. Awara da waken suya ake yi, shi kuma yana rage shigar maganin cikin jini. Maganin ƙarin jini ya fi muni, don sinadarin ƙarfen da ke cikinsa yana manne wa tayiroksin a hanji su fice tare. Haka kalsiyam, haka farin maganin olsa mai ruwa, haka shayi da madara ko kofi. Sai ya zama 75 ake rubuta miki amma ba 75 ke isa jininki ba.

Ki ajiye shi kusa da gado. In kin tashi sallar asuba ki sha da ruwa zalla, ki bar minti 30 zuwa awa 1 kafin ki sa komai a baki. Kafin ki shirya yara lokacin ya cika. Maganin ƙarin jini ki mai da shi bayan azahar ko dare, a samu tazarar awa 4 tsakaninsu. Awarar ma ki ci abinki da yamma.

Kada ki ƙara wa kanki ƙwaya. In ya yi yawa zuciya za ta riƙa bugawa da sauri, barci ya ƙaurace, a kwana a tashi ƙashi ya yi rauni. Ki gyara lokacin kawai, ki gaya wa likitarki kin gyara, sannan a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8. Kafin haka ɓarnar kuɗi ne, don maganin yana ɗaukar makonni kafin ya daidaita a jini. Yawancin ɗakunan gwaji TSH daga 0.4 zuwa kusan 4 suke ɗauka daidai. Ki riƙe ɗakin gwaji ɗaya in da hali, kuma ranar gwaji ki bari a ɗebi jinin kafin ki sha ƙwayar. Anti-TPO ba sai an yi ta maimaita shi ba, ya riga ya gama aikinsa tunda ya nuna irin ciwon.

Tunda kin ce gashinki na zuba, in kina shan bitamin ɗin gashi da farce ki duba ko da biotin a ciki. Yana rikita sakamakon gwajin, a dakatar da shi aƙalla kwana 2 kafin a ɗebi jini.

Anti Nas, Unguwar Rimi:

Ƙanwata, sannu. Ni ma shi nake fama da shi tun ina aiki, har na yi ritaya, ga ni nan garau ina ɗaukar jikoki. Abin da ɗana na famasi ya gaya miki shi ne.

Ni maganar mai ciyawar teku ce ta tsaya min. Kar ki ba ta ko sisi. Maƙoƙon da iyayenmu suka sani a ƙauye, wanda wuya ke kumbura ya yi tulu, yawancinsa rashin aidin ne, shi ya sa tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin Najeriya. Naki daban ne. Ba kayan aiki tayirod ɗinki ya rasa ba, shi kansa ne ke lalacewa a hankali. In kika ɗura masa aidin mai yawa ma ƙara dagula shi za ki yi. Likitan da ciwon ya ci sunansa, Hakaru Hashimoto, ɗan Japan ne, a 1912 ya bayyana shi, kuma mutanen Japan ciyawar teku abincinsu ce ta kullum. Gishirin leda na kasuwa mai aidin ya ishe ki.

Gero kuwa, surukarki ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai abin da ke cikin gero da rogo da ɗanyen kabeji da kan takura wa tayirod, amma ya fi shafar wanda ba ya samun aidin kuma kusan abincinsa ke nan safe da dare. Ke da ƙwaya ke ba ki abin da tayirod ya kasa yi, furar rana ba za ta hana ki komai ba. Ki ce wa Mama likita ta ce a sha, amma ba tare da magani ba, a zauna lafiya.

Shi kuma maigida a gaya masa gaskiya: ga mafi yawan masu Hashimoto maganin na har abada ne. Ba warkar da ciwon yake ba, cike gurbi yake. Ranar da kika ji daɗin jikinki, maganin ne ke aiki, ba alamar a daina ba ce. Na ga mata da yawa sun daina don sun ji sauƙi, bayan 'yan watanni su dawo fuska a kumbure.

Abu ɗaya da nake roƙonki: in kina da niyyar wani cikin, ki bari TSH ya sauka tukuna. In kuma Allah ya kawo, ranar da kika tabbatar ki koma asibiti, kar ki jira awo. Buƙatar jiki ga maganin tana ƙaruwa da wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari tun farkon ciki, ana so TSH ya zauna ƙasa da 2.5, kuma ƙwaƙwalwar jariri a watannin farko da sinadarin tayirod na uwa take dogara. Maganin ba ya cutar da ciki ko shayarwa. In kina son ganin likitan da ya ƙware a wannan fanni, ki nemi a rubuta miki takarda zuwa asibitin Barau Dikko ko na Shika.

Baban Yara, Rigasa:

Allah ya ba da lafiya. Matata ma tayirod ne, amma nata mai gudu ne, Graves suka ce. Ramewa ta yi, hannu na rawa, ido ya firfito. Kabimazol take sha. Na faɗa ne don wata maƙwabciya ta taɓa cewa ta ɗiba mata a nata tunda duk ciwo ɗaya ne, alhali kishiyoyin juna ne. An kuma gargaɗe mu in ta ji zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ta dakatar da shi mu je a duba jini a ranar. Ita dai da ta bar burodi da taliya ta ce ta fi jin daɗin cikinta, ko za ki gwada.

Uwar Biyu, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, Allah ya ƙara girma. To in azumi ya zo fa, yaushe zan sha? Kuma alkamar da Baban Yara ya ce, in bari?

Ɗan Famasi, Kawo:

Alkama ba sai kin bari ba Hajiya, sai in an gwada an ga kina da ciwon hanjin nan da alkama ke tayarwa. Yakan zo tare da ciwon tayirod irin naku a wasu mutane, don haka in kin gyara lokacin shan magani TSH bai motsa ba, ko kina yawan gudawa da kumburin ciki, ki tuna wa likita ta duba.

Azumi kuwa, tunda ke ke tashi haɗa sahur, ki sha da kin buɗe ido kafin ki kunna risho. Kafin abinci ya yi zafi a tashi mutanen gida rabin awa ta wuce. In kin makara, ki bari sai za ki kwanta, muddin an yi awa 3 da cin abinci. Bayan salla da 'yan makonni a duba TSH. Kuma kar ki ajiye shi a kicin ko bakin taga, zafin Maris da Afrilu na garin nan yana rage masa ƙarfi. Ki bar shi cikin takardarsa a wuri mafi sanyi a ɗaki, ki duba lambar NAFDAC in za ki saya, kuma ki tsaya a kan na kamfani ɗaya in kina samu.