Waƙa ɗaya ta fita daban a albam ɗina: in cire ta ko in bar ta?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na kusa kammala albam mai waƙoƙi 10. Tara masu sanyi ne, na soyayya da zaman duniya. Ɗayar kuwa babu amshi, kukuma ce da kalangu aka murɗa sautinsu da kwamfuta, ga hayaniyar kasuwa a ƙasa, ni kuma ina rera tsadar rayuwa da ƙarfi har minti 7. Ta biyar na sa ta. Furodusana ya ce tana katse wa mai sauraro jin daɗi, in cire. Ni kuwa ita ta fi kwanta mini a rai. Yaya zan yi?

Amsar wani tsohon ma'aikacin rediyo:
Wa alaikumus salam ɗana. Wannan gardama ta girme ka. A 1968 mawaƙan Beatles na Ingila sun sa "Revolution 9" a albam ɗinsu da ake kira "White Album" mai waƙoƙi 30. Ta haura minti 8, guntayen murya ne da ƙara iri-iri aka harhaɗa. A cikinsu John Lennon ya nace a sa ta, Paul McCartney bai so ba. Amma duba inda suka ajiye ta: ta 29, sai waƙar lallashin yaro mai taushi ta rufe faifan. Wanda ya kai nan ya riga ya ƙoshi, zai iya jurewa. Kai kuma ka tare mutum da ita yana tsakiyar cin tuwo. Kada ka cire, matsar da ita ta tara.

Amsar wata 'yar uwa:
Baba, a gafarce ni, tsakiya ma tana yiwuwa. Mawaƙan Radiohead na Ingila sun sa "Fitter Happier" ta bakwai cikin 12 a albam ɗinsu OK Computer a 1997, muryar kwamfuta ce ke karanto magana. Sai dai ba ta cika minti 2 ba. Ni a ganina tsawon ne matsalarka, Malam. In kana son ta zauna a nan, sai ka rage ta sosai.

Amsar wani mai haɗa sauti:
Abokina, kafin ka taɓa komai, saurari ƙarshen ta huɗu da farkon ta biyar kawai. Sau da yawa ƙarar ce ke tashi farat ɗaya, kunne ya razana. A daidaita ƙarfin sautin, a bar kukumar ta fara shigowa a hankali tun a wutsiyar ta huɗu. Sannan a manhajojin sauraron waƙa irin su Audiomack da Boomplay mutum na tsallake waƙa da yatsa ɗaya, tsoron shi ne ya fice daga albam ɗin gaba ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Ragewa zai yi mini wuya, don baitocin a sarƙe suke. Baba, in ta koma ta tara, wacce ta dace ta rufe: ta soyayyar, ko wadda na yi wa mahaifiyata?